Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamna Umar Namadi Kan Awon Tarin Fuka a Ƙasar Gumel

Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa,
Malam Umar Namadi,
Gidan Gwamnati, Dutse.



 Ranka ya daɗe, na san teburinka ba ya rabuwa da takardun masu neman titi, da masu neman taransifoma, da masu neman a ɗauki 'ya'yansu aiki. Tawa takardar ta kakin tari ce. A gafarce ni da kawo zancen da ba a yi kusa da akushi, amma a cikin kakin nan ake gane tarin fuka, kuma tarin fuka yana nan yana cin mutane a ɓoye a ƙananan hukumomi huɗu na masarautarmu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Roƙona shi ne a kusantar da awo ga mai tari. Amma roƙon yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya tsawaita wasiƙar.

Duk bulaman da aka tambaya zai ba da labarin yadda abin yake tafiya. Mutum ya fara tari da kaka, a ce ƙurar sussuka ce. Hunturu ya shigo, a ce sanyi ne. Ya je kemis a haɗa masa maganin tari na ruwa da kafso, ya ɗan ji dama kwana biyu, tarin ya dawo. Sai zazzaɓin yamma, sai gumin dare har tabarma ta jiƙe, sai wando ya fara sulluɓewa daga ƙugu. Daga nan 'yan'uwa su fara raɗe-raɗin sammu, a nufi gidan mai magani, a yi turare, a sha saiwa. Ba a tuna asibiti sai ranar da aka ga jini. Kafin ranar nan ta zo ya kwana ɗaki ɗaya da matarsa da ƙananan 'ya'yansa wata da watanni, ya yi sahu a masallaci, ya shiga motar kasuwa an rufe gilasai saboda ƙura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tarin fuka da ba ya shan magani yana iya harbar mutum 5 zuwa 15 a shekara guda, kuma na farko a layi su ne waɗanda suke kwana kusa da shi.

Kada a ɗora laifin duka a kan jahilci. Maganin tarin fuka kyauta ne, awonsa ma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma zuwa inda ake awon ba kyauta ba ne. Manomin da ke can cikin yashin Sule Tankarkar, ko makiyayin da ke ruga a bayan Gagarawa, sai ya biya ɗan acaba zuwa bakin titi, ya biya mota, ya bar aikin yini, wataƙila har da ɗan rakiya. In ya miƙa kakin a ce masa ya dawo jibi ko mako mai zuwa. Kowa kuwa ya san abin da kuɗin babur ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Wani binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2017 ya nuna cewa kashi 71 cikin 100 na gidajen da ke jinyar tarin fuka suna asarar fiye da kashi ɗaya cikin biyar na samunsu na shekara, idan aka haɗa kuɗin mota da abinci da aikin da jinya ta hana. Wannan fa kafin tsadar yanzu ke nan.

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan mutum rabin miliyan ne suka kamu da cutar a Nijeriya a 2023, mu ne na ɗaya a Afirka, na shida a duniya. An gano fiye da 360,000 daga ciki, kuma wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne idan aka tuna cewa a 2020 kimanin 138,000 kawai aka gano. Ragowar, fiye da dubu ɗari, suna nan cikinmu suna tari ba wanda ya rubuta sunansu. Ba sai an buga ƙasa ba kafin a san inda suka fi yawa: inda ɗakin awo ya fi nisa.

To, bari in zo kan madubin awo, wanda ma'aikatan lab ke kira maikiroskof.

Ranar 24 ga Maris, 1882, likitan nan na Jamus, Robert Koch, ya sanar a birnin Balin cewa ya ga ƙwayar da ke kawo tarin fuka. Jim kaɗan wasu Jamusawa biyu, Ziehl da Neelsen, suka gyara hanyar rina ta don a gan ta da sauƙi, kuma hanyar tasu ce har yau ake koya wa ɗalibai a makarantun fasahar lafiya. Ma'aikaci zai ɗebi ɗan kaki da tsinke ya shafa a kan ɗan gilashi, ya bari ya bushe, ya gifta shi ta kan wuta don ya kama. Sai ya zuba jan rini ya ɗumama, sannan ya wanke da ruwan asid. Duk abin da ke kan gilashin zai saki jan, ban da ƙwayar tarin fuka, domin jikinta lulluɓe yake da wani maiƙo mai tauri wanda in ya kama rini ba ya saki. Sai a bi da shuɗin rini. A ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu sau 1,000, ƙwayoyin za su fito jajaye sirara a kan shuɗi. Idan suna da yawa, aiki ya yi sauƙi. Wahalar tana wurin cewa babu, domin kafin ma'aikaci ya rubuta babu sai ya bi fili 100 ɗaya bayan ɗaya, ido a manne, wuya a sunkuye. Gilashin farko na safe da na ashirin bayan azahar ba ido ɗaya ke duba su ba, ko da mutum ɗaya ne.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan sauri, ta wani rini mai suna auramin. Idan aka haska shi da shuɗin haske, ƙwayar sai ta yi ƙyalli ruwan ɗorawa a kan baƙi, ido ya tsince ta nan da nan, ba sai an ƙara girman sosai ba, don haka a duba gilashi cikin minti ɗaya ko biyu. Shekara da shekaru wannan hanya ta manyan asibitoci ce kawai, saboda ƙwan da take buƙata mai tsada ne, yana mutuwa bayan aikin awa ɗari biyu ko makamancin haka, yana son ɗaki mai duhu da lantarki marar yankewa. Abin da ya sauya lissafin shi ne ƙwan LED, shi dai wannan da ke cikin tocilan da ake sayarwa a kasuwar Gumel. Ba ya cin wuta, ba ya zafi, yana shekaru, batir ko ƙaramin farantin sola ya ishe shi. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa maye gurbin tsohuwar hanyar da madubin LED sannu a hankali, domin ban da sauri yana ƙara yawan waɗanda ake ganowa da kimanin kashi 10 cikin 100.

Daga nan masana suka shiga rige-rigen rage girma da farashi. Wani ɗalibi a Jami'ar Rice ta Amurka, Andrew Miller, ya ƙera madubi mai aiki da tocila, nauyinsa kusan kilo ɗaya, kuɗinsa dala 240. Da aka gwada shi a kan gilasan kaki, sakamakonsa ya zo daidai da na madubin dala 40,000 a fiye da kashi 98 cikin 100. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Daniel Fletcher da ɗalibansa sun haɗa madubi da kyamarar wayar hannu suka kira shi CellScope, daga baya aka gwada wani samfurinsa a Hanoi ta ƙasar Biyetnam, inda kwamfuta ke taya ƙirga ƙwayoyin daga hoto. Akwai ma Foldscope na Manu Prakash a Jami'ar Stanford, wanda ake naɗewa daga takarda, kuɗin kayansa bai kai dala ɗaya ba. Wannan na ƙarshen abin sha'awa ne ƙwarai, kuma da zan so in gan shi a hannun ɗaliban kimiyya a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Amma ba abin da za a yanke wa magidanci hukuncin wata shida na magani da shi ba ne.

Ranka ya daɗe, ga sharaɗin. Wata rana wani ɗan kwangila zai shigo ofishinka da irin wannan kaya a jaka, ya ce ga maganin matsalar awo a karkara, mai araha, ba ya son wuta, a saya wa kowace mazaɓa ɗaya. Zai ambaci kashi 98 ɗin nan. Kai akanta ne, ka san a kan tambayi adadi da me aka auna shi. Madubin dala 240 ya yi daidai da madubin dala 40,000, wato madubi ya yi daidai da madubi, da duk gazawar da madubi yake da ita. Kafin ido ya ga ƙwayar, sai kakin ya ƙunshi ƙwayoyi kimanin 5,000 zuwa 10,000 a kowace mililita. Rariya ce mai manyan idanu: tana tare tsakuwa, yashi ya wuce. Kusan rabin masu cutar suna iya sulluɓewa a ce musu babu. Yara ƙanana ba su iya kawo kaki ba, kuma ƙwayoyin da ke jikinsu kaɗan ne. Masu cuta mai karya garkuwar jiki su ma sau da yawa kakinsu ba ya nuna komai alhali cutar tana cinsu. Sannan madubi ba zai taɓa faɗa maka ko ƙwayar da ka gani mai jin magani ce ko mai bijirewa ba, duk jajaye ne sirara. Wanda aka ce wa babu kuwa, ya tafi ke nan da takardar shaida a aljihu, ba zai sake dawowa ba sai a kwance.

Saboda haka ne tun Disamban 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert ta kamfanin Cepheid, Nijeriya kuma ta mai da ita gwajin farko ga duk mai alamun cutar a 2016. Ita ba kallon ƙwayar take yi ba, tambarin halittarta take nema ta ninninka shi har ya bayyana, don haka ƙwayoyi ɗari da ɗoriya a mililita sun ishe ta, sabon kwanson gwajinta ma bai buƙaci haka ba. Cikin awa biyu za ta ce akwai ko babu, ta kuma ce ko ƙwayar tana bijire wa rifamfisin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan. Har kashin yara ana iya aunawa da ita yanzu, abin da ya kawo sauƙi ga iyayen da ba su san yadda za su sa ɗan shekara biyu ya yi kaki ba.

Sai dai na'ura ce 'yar gata. Ba ta son zafin ɗaki ya wuce digiri 30, kwanson gwajinta ba ya son ya wuce 28, tana son lantarki tsayayye, ƙura kuwa abokiyar gabarta ce. Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Maigatari, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san me wannan ke nufi. Kowane kwanso ɗaya dala 7.97 ne ko bayan ragin da aka yi a 2023, kuma da dala ake saye. Indiyawa, da yake zafinsu irin namu ne, sun ƙera tasu mai suna Truenat, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2020. Tana aiki da batir, tana jure zafi har digiri 40, ana ɗaukarta a akwati, kuma ta riga ta shigo Nijeriya. Idan ana neman na'urar tafi-da-gidanka ta gano tarin fuka a ƙasar Gumel, ita ce ta fi cancanta da sunan, ba madubi ba.

To me ya sa nake roƙon madubi? Saboda gano cuta rana ɗaya ce, jinya kuwa wata shida ce, kuma a cikin wata shidan nan ne muke asarar mutane.

Wata biyun farko majinyaci yana shan magani huɗu a haɗe, sauran wata huɗun yana shan biyu. Fitsarinsa zai yi ja, wasu har su tsorata su daina idan ba a gaya musu tun farko ba. Kafin wata biyu su cika tari ya lafa, cin abinci ya dawo, jiki ya fara murmurewa. A nan jarrabawar take. Idan rani ne, ga abokai suna haramar cin rani a Kano ko Legas. Idan damina ce, ga gero da riɗi suna jiran noma. Tsarin ƙasa ya ce a sake auna kakinsa a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6, don a san ko maganin yana ci. GeneXpert da Truenat ba sa wannan aikin, domin tambarin da suke nema yana nan ko ƙwayar ta mutu, za su iya ce wa wanda ya warke har yanzu akwai. Madubi ake komawa. Shi ma ba ma'asumi ba ne, amma shi ne ma'aunin da ake da shi: yawan ƙwayoyin ya ragu ko bai ragu ba, sun ɓace ko suna nan. Wanda har wata na 5 ana ganin ƙwaya a kakinsa, magani bai yi masa aiki ba, dole a gaggauta binciken ko mai bijirewar ce. Idan awon nan uku suna buƙatar tafiya uku zuwa babban asibiti, mutumin da ya ji sauƙi ba zai je ba, kuma ni ban ga laifinsa sosai ba. Za a rubuta a rajista cewa ya kammala magani, ba cewa ya warke ba, kuma tsakanin kalmomin nan biyu ne tarin fuka mai bijire wa magani yake samun wurin zama. Shi kuwa, ko da sabon haɗin wata shida da aka amince da shi a 2022, jinyarsa ta fi tsada da wahala nesa ba kusa ba.

A nan ne madubin LED mai batir yake da gurbinsa, gurbin da babu mai ƙwace masa. Yana kuma da na biyu: ranar da babbar na'ura ta tsaya, ko kwanson gwaji ya yanke, wanda kakinsa ke cike da ƙwayoyi, wato wanda ya fi kowa yaɗa cutar, madubi zai kama shi a ranar a fara masa magani, a aika da wani kakin gaba don tabbatarwa. Da babu gara ba daɗi. Amma wanda madubi ya ce masa babu, kada a sallame shi da wannan kalmar, a ce masa saura gwaji na biyu.

Sai maganar kuɗin da ba ya fitowa a takardar ɗan kwangila. Araha ba ta ado, kuma a wannan harka madubin shi ne mafi arahar abin da ake buƙata. Mai tsadar shi ne idon da zai duba. Ma'aikacin lab ƙwararre wanda zai zauna a ƙauye, a biya shi kan kari, a ba shi ɗaki mai tagogi da iska ke ratsawa don kada shi ma ya kwashi cutar. Muna da makarantar fasahar lafiya a Jahun tana yaye matasa, muna da shirin J-Health na ɗaukar ma'aikatan lafiya. A ware gurabe na 'yan lab daga ciki, a fifita 'ya'yan yankin, domin wanda uwarsa ke Sule Tankarkar ba zai kwana yana neman a mai da shi Dutse ba.

Kuma kada a yi rabon madubi irin na kowa-ya-samu. Jihar nan tana da mazaɓu 287, na san kuma burin gwamnati ne kowace ta sami asibitinta mai aiki, amma ba kowane ne ya kamata a sa wa wannan awon ba. Ma'aikacin da ke duba gilashi fiye da ashirin da biyar a yini ta tsohuwar hanya idonsa zai gaji ya fara kuskure, wanda kuma ke duba biyu a wata idonsa zai manta kamannin ƙwayar. A zaɓi wurare kaɗan a kowace ƙaramar hukuma, a bi garuruwan da ke da kasuwar mako, inda jama'a dama suke zuwa da kansu, majinyaci ya haɗa cin kasuwa da kawo kaki a kuɗin mota ɗaya.

Rini ma yana lalacewa. Auramin ba ya son haske da zafi, kuma ƙyallinsa a kan gilashi yana dusashewa idan ba a duba da wuri ba. Ƙurar hunturu tana karce idon madubi, laimar damina tana sa masa fumfuna. Duk waɗannan ƙananan kuɗi ne na wata-wata, irin waɗanda ba a yanka musu kirtani ba a gayyato 'yan jarida, shi ya sa su ake fara mantawa. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne binciken aikin. A ƙa'ida ana adana kowane gilashi a akwati, bayan wata uku mai kula da shirin yaƙi da tarin fuka na ƙaramar hukuma ya ɗebi wasu ya kai wa wani ma'aikaci ya sake dubawa ba tare da ya san abin da na farko ya rubuta ba. Kai ka san darajar odita fiye da ni. Madubin da ba a bin bayansa da wannan bincike, takardun ƙarya kawai zai riƙa bugawa da hatimin gwamnati. Cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta tana nan a Saye, Zariya, aikinta ke nan koyar da wannan.

Sai babura. Gara kaki ya yi tafiya da majinyaci ya yi. Kakin da za a sa wa GeneXpert yana iya jira kwana 3 idan zafi bai wuce digiri 35 ba, wanda ke nufin a bazararmu sai da akwatin sanyi. Ɗan babur ɗaya mai tsayayyun ranaku, mai man da aka tanada, yana zagaya ƙananan asibitoci yana kwasowa, a turo sakamako ta waya kafin ya dawo, ya fi madubi goma da ke kulle a kabad.

Ranka ya daɗe, Maigatari tana buƙatar kulawa ta daban. Kowace Alhamis garin yana cika da shanu da raƙuma da tumaki da masu su, daga Dungas da Magarya da Damagaram na ƙasar Nijar da can gaba, ga dillalai, ga direbobin tirela masu lodi zuwa kudu, ga masu riɗi da zoɓo. An rufe iyakarmu da Nijar a 2019 aka buɗe a Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka buɗe a 2024, amma aure da zumunci da tari ba su taɓa tsayawa a shingen kwastan ba. Idan akwai wuri ɗaya a jihar nan da ya cancanci Truenat da ma'aikata biyu a rumfa kowane mako, to nan ne. Idan an samu na'urar hoton ƙirji ta tafi-da-gidanka, irin wadda kwamfuta ke karantawa, wadda ake amfani da ita a wasu jihohi, sai a tace jama'a da ita kafin a karɓi kaki. Matsalar ita ce wanda aka gano ran Alhamis, ran Juma'a yana wata ƙasar. Nijar tana da nata shirin yaƙi da tarin fuka, abin da ake buƙata shi ne takardar miƙa majinyaci da lambar wayar jami'in can, da zama tsakanin jami'an lafiya na gefen biyu lokaci-lokaci. An yi irin wannan a zamanin yaƙi da shan inna, ana ɗiga wa yara a kasuwanni da mashigai, har aka wanke Afirka daga cutar ta daji a Agustan 2020. Hanyar tana nan, ba sabuwa za a sara ba.

Tun da an ambaci shanu, akwai irin tarin fukan da ke kama su, yana shiga mutum ta ɗanyar madara da ba a tafasa ba da kuma cuɗanya da dabbar. Mahauta sun san ƙulle-ƙullen da ake tararwa a huhun wata saniyar. Madubi ba ya bambance shi da na mutane, GeneXpert ma haka, kuma ɗaya daga magunguna huɗun nan ba ya yi masa komai. Ma'aikatar lafiya da likitocin dabbobi su riƙa magana da juna a kan abin da ake gani a mayanka.

Ba zan ɓoye maka dalilin gaggawata ba. Mafi yawan kuɗin yaƙi da tarin fuka a ƙasar nan daga waje yake zuwa, daga Asusun Global Fund da gwamnatin Amurka, kuma ko da su, giɓin da ke cikin abin da ake buƙata ya fi abin da ake samu. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, aka kuma rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID. Magunguna da kwanson gwaji suna iya ci gaba da zuwa ta Abuja, amma albashin ɗan lab, da man babur, da farantin sola, da kwalbar rini, waɗannan ba abin da jiha za ta jira baƙo ya biya ba ne. Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda kasonsa ke shiga ƙananan asibitoci kai tsaye, akwai kuma kasafin jiha da na ƙananan hukumomi. A buɗe wa awon tarin fuka layinsa da sunansa a ciki, don a iya bin sawun kuɗin.

Saura kunya. Har yanzu akwai gidan da ake ware wa mai tarin fuka kwano da moɗa, akwai budurwar da ake ɓoye tarinta kada manema su gudu, akwai matar da ba za ta je awo ba sai miji ya yarda kuma ya ba da kuɗin mota. Cutar a iska take tafiya, ba a kwano ba, kuma wanda ya riƙe magani da kyau, cikin 'yan makonni haɗarin ya harbi wani yana raguwa ƙwarai. Wannan magana daga bakin ma'aikacin lafiya ba ta kai nauyin da za ta yi daga bakin liman ran Juma'a ba. Mai Martaba Sarkin Gumel, Alhaji Ahmad Muhammad Sani na Biyu, Allah ya ja zamaninsa, yana da hakimai da dagatai da bulamai har ƙauyen ƙarshe a bakin iyaka. Idan umarni ya sauko cewa duk mai tarin da ya kai mako biyu a kai shi awo, za a kai. Masu kemis ma a jawo su ciki, tun da wurinsu ake fara zuwa, a ajiye musu robobin karɓar kaki. Amma kada a tara jama'a kafin a shirya inda za a karɓe su. Wanda dagaci ya turo ya tarar da ƙofar lab a rufe, ba shi kaɗai aka rasa ba, har da duk wanda zai ba labari a majalisa.

Kana zagaya ƙananan hukumomi a shirin Gwamnati da Jama'a, kwamishinoni suna tsayawa gaban talakawa suna bayanin aikinsu. Ina roƙon idan an zo kan lafiya a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, ka sa a karanto wa jama'a mutum nawa aka karɓi kakinsu a shekarar da ta wuce a kowace ɗaya, nawa aka samu da cutar, kwana nawa sakamako yake ɗauka kafin ya koma ƙauyen da kakin ya fito, da kuma nawa daga waɗanda suka fara magani aka auna a wata na 5. Alƙaluman suna cikin rajistar da masu kula da shirin suke cikewa kowane wata uku. Daga su za a ga inda ya kamata madubi ya zauna, da inda babur kawai ake buƙata, kafin a rubuta kasafin baɗi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naka,
wani talakanka daga ƙasar Gumel.